Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Tarihin Dogaran Da Ke Tsaron Littafin Gado

Matashiya

Duk gidan da aka taɓa rainon yaro mai ciwon sikila, akwai abin da iyaye mata suka daɗe da lura da shi tun kafin likita ya yi masu bayani. Ana haifar yaron garau, a yi suna, a yi arba'in, yana shan mama yana ƙiba, babu wata alama. Sai ya kai wata biyar ko shida, wani ma ya wuce haka, sannan a wayi gari hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, yana ta tsala kuka an rasa dalili. To amma ai ciwon nan gadonsa ya yi, da shi aka haife shi. Ina ya ɓuya duk tsawon watannin nan?

Wata likitar yara mai suna Janet Watson, da ke aiki a Brooklyn ta birnin New York, ta yi wa kanta wannan tambaya a shekarar 1948. Ta gwada jinin jarirai da na iyayensu mata, sai ta ga jajayen ƙwayoyin jinin jariran ba su cika lanƙwashewa su koma kamar lauje ba, yadda na manya ke yi. Ta ce dalili shi ne, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wato himogulobin, na ɗan tayi iri ne daban da na babba, kuma shi na tayin babu ruwansa da sikila. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rage na tayi yana ƙara na manya, kuma a jikin na manyan ne aibin yake. Ashe ke nan kowane mai sikila yana ɗauke da maganinsa a jikinsa, sai dai an kulle shi tun yana jariri. Wa ya kulle, kuma da wane makulli? Sai da aka shekara 60 kafin a samu amsa, kuma hanyar da ta kai ga amsar ta faro ne daga wani ɗakin bincike a Faris, inda wani mutum ke ciyar da bakteriya sukari.

Littafi Ɗaya, Karatu Daban-daban

Kafin mu tafi Faris, bari mu share fage. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ɗaya akwai wani siririn zare mai suna DNA, wanda in aka warware shi zai kai mita 2. Zaren nan rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kimanin biliyan 3 daga wajen uwa, wasu biliyan 3 daga wajen uba. A cikin rubutun akwai sassa wajen 20,000 da ke ɗauke da bayanin yadda ake haɗa furotin iri-iri. Su ake kira ƙwayoyin gado, amma don kada su rikice wa mai karatu da ƙwayoyin halitta, a nan za mu riƙa ce masu babuka. Littafin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. In ana bukatar wani babi, akwai wani sinadari mai suna RNA folimares, wanda za mu kira magatakarda, shi ke zuwa ya kwafe babin, a aika da kwafin wurin da ake haɗa furotin.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, ƙwayar hanta da ta ido da ta ƙwaƙwalwa duk littafi ɗaya suke riƙe da shi. A shekarar 1962 John Gurdon na Jami'ar Oxford ya cire ma'ajiyar DNA daga ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, ya dasa ta cikin ƙwan kwaɗon da aka lalata tasa ma'ajiyar, sai ga sabon ɗan kwaɗo ya fito cikakke. Wannan ya nuna ƙwayar hanji ba ta yar da ko shafi ɗaya ba, rufe sauran babukan kawai ta yi. Masu buɗewa da rufewar nan wasu furotin ne da ke zama a kan DNA, su bar magatakarda ya wuce ko su tare shi. Tun da aikinsu ya yi kama da na mai tsaron ƙofar fada, bari mu kira su dogarai.

Dogarin Farko

A lokacin sanyin shekarar 1940, sojojin Jamus na mamaye da Faris, Jacques Monod yana aikin digirinsa na uku a Jami'ar Sorbonne. Ya lura cewa in ya zuba wa bakteriya sukari iri biyu, sai su cinye ɗaya tas, su ɗan dakata kamar masu shawara, sannan su koma kan na biyu. Bakteriyar hanji mai suna E. coli, alal misali, ba ta taɓa sukarin madara muddin akwai gulukos, kuma ba ta ma haɗa sinadarin narkar da sukarin madara sai ta gan shi a gabanta. Monod ya shiga ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta ɓoye, kuma da yaƙi ya ƙare ya koma Cibiyar Pasteur da wannan tambaya a ransa.

A cibiyar ne ya haɗu da François Jacob. Shi kuwa ɗalibin likita ne da ya gudu daga Faransa a 1940 ya shiga rundunar Janar de Gaulle, ya yi aikin jinya cikin sojojin Leclerc da suka tashi daga Chadi suka ratsa hamada zuwa Libiya da Tunisiya. A watan Agusta na 1944 bam ya ji masa mummunan rauni a Normandy, burinsa na zama likitan tiyata ya rushe, sai ya koma bincike, André Lwoff ya karɓe shi a 1950. Aikin Jacob a kan wani bairos ne mai suna lamda, wanda ke shiga cikin bakteriya ya lafe cikin DNA ɗinta ya yi ta barci, sai ranar da haske mai ƙuna ya doki bakteriyar ya farka ya hayayyafa ya fasa ta.

A tsakanin 1957 da 1958, Monod da Jacob da wani baƙo Ba'amurke, Arthur Pardee, suka yi gwajin da ya nuna cewa babukan sukarin madara a shirye suke a kwafe su kullum, wani abu ne ke danne su. Aikin sukarin shi ne ya janye mai dannewar. A wata ranar Yuli ta 1958, Jacob na zaune a gidan silima da matarsa, sai ya faɗo masa a rai cewa barcin lamda da shirun babukan sukari ai abu ɗaya ne: dogari ne ke zaune a kan DNA ɗin kanta, a bakin babi. A 1961 suka buga cikakken bayanin, a 1965 kuma aka ba su kyautar Nobel, su biyu da Lwoff.

Har lokacin babu wanda ya taɓa riƙe dogarin a hannu, domin bai fi guda goma ba a cikin bakteriya ɗaya. A Jami'ar Harvard ta Amurka aka yi tseren kamo shi. Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka tace dogarin sukarin madara a 1966, Mark Ptashne ya tace na lamda a 1967, ya kuma nuna cewa lallai a kan wasu haruffa na musamman yake zama.

Monod ya ƙaunaci wannan tsari na dogari ɗaya mai tare ƙofa, har ya ƙi yarda akwai wani daban. Da Ellis Englesberg ya fito a 1965 ya ce ya ga dogarin da aikinsa kiran magatakarda ne, a babukan wani sukari mai suna arabinos, sai da ya sha shekaru yana jan hujja kafin a saurare shi. To amma gaskiya ba ta ɓuya. A 1970 aka gano cewa su kansu babukan sukarin madara suna da dogari na biyu mai suna CAP, wanda ke riƙo magatakarda ya zaunar da shi in gulukos ya yi ƙaranci. Ke nan ƙofar ba ta buɗewa sosai sai mai tarewa ya kauce, mai kira kuma ya yi kira. Tun daga nan aka fara gane cewa hukuncin ba na mutum ɗaya ba ne.

Riƙon Hannu

Ptashne bai bar lamda ba. A shekarun 1970 shi da ɗalibansa suka gano cewa a inda ake yanke shawarar barci ko farkawa akwai kujeru uku a jere a kan DNA, kowace mai haruffa 17. Dogarin lamda, wanda dama shi da tagwayensa yake zama, ya fi son kujera ta farko. Ta biyu da ta uku, in aka gwada kowace ita kaɗai, da ƙyar yake kama su. Amma a 1979 Alexander Johnson da Barbara Meyer da Ptashne suka nuna wani abu: da zarar an zauna a kujera ta farko, ta biyu ma nan take ake cike ta, saboda na farkon yana miƙa hannu ya riƙe na biyun. Kowannensu na da kai biyu, ɗaya na kama DNA, ɗaya na kama ɗan'uwa. Na kujera ta biyun kuma shi ke taɓa magatakarda ya sa shi kwafe babin da ake ƙera su kansu dogaran, yayin da suka toshe hanyar babukan farkawa.

Mai karatu zai ce to mene ne amfanin wannan riƙon hannu? Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗora jinka ya sani. In mutum biyar ake bukata, huɗu ba za su ɗaga rabinta ba, tana ƙasa daram. Da na biyar ya sa hannu sai ta tashi gaba ɗaya. Haka lamda yake. Muddin dogarai sun kai wani adadi, ƙofa a rufe take ruf. In haske ya lalata DNA ɗin bakteriyar, sai a datse dogaran gida biyu, kan da ke kama DNA ya rabu da kan da ke riƙe ɗan'uwa, nan da nan kujerun su zama wayam, bairos ya farka. Bairos ɗin da ya farka rabi da rabi ya halaka, don haka riƙon hannu ne ke mayar da ƙaramin canji ya zama hukunci yankakke.

Ba dole ba ne ma kujerun su kasance maƙwabta. A 1984 Robert Schleif ya koma kan dogarin Englesberg, ya ga yana kama wurare biyu da ke da tazarar haruffa wajen 210, sai zaren ya lanƙwasa ya yi zobe don wuraren su haɗu. Hujjarsa mai daɗi ce. Zaren DNA murɗaɗɗe ne, yana cika zagaye ɗaya a duk haruffa goma da rabi. Da Schleif ya cusa haruffa 5 a tsakani, wuri ɗaya ya juya wa ɗaya baya, aikin ya lalace. Da ya cusa 11, suka sake fuskantar juna, aikin ya dawo.

Daga Bakteriya Zuwa Mutum

Monod ya kan ce abin da ya tabbata ga bakteriya ya tabbata ga giwa. Rabin maganar gaskiya ne. A 1981 Walter Schaffner da abokan aikinsa a birnin Zurich suka ɗauki wani guntun DNA mai haruffa 72 daga wani bairos na biri, suka liƙa shi kusa da babin himogulobin na zomo, sai kwafar babin ta ninka sau 200. Suka matsar da guntun nesa da dubban haruffa, suka juya shi baibai, duk da haka bai daina aiki ba. Irin wannan guntu shi ake kira mai ƙarfafawa, amma mu za mu ce masa zaure, domin nan dogarai ke taruwa kafin zaren ya lanƙwaso su iske bakin babi. Daga nan aka shiga kamo dogaran mutum ɗaya bayan ɗaya. Robert Tjian da William Dynan suka kamo Sp1 a Berkeley a 1983, wasu suka biyo baya, har lissafin da aka yi a 2018 ya nuna mutum na da kimanin 1,600.

A nan ne lissafi ya kawo matsala. Kalmar da dogarin mutum ke ganewa gajera ce, yawanci haruffa 6 zuwa 12. Mu ɗauki mai haruffa 8. Da haruffa huɗu ana iya rubuta irin wannan kalma iri 65,536, ke nan a cikin haruffa biliyan 3 kowace za ta bayyana sama da sau 45,000 ta hanyar dace kawai. In da dogari ɗaya ke yanke hukunci, da ya yi ta buɗe ƙofofin da ba a aike shi ba. Ita bakteriya ba ta da wannan damuwa, littafinta haruffa miliyan 4.6 ne, kalmomin dogaranta kuma sun fi tsawo. To amma a ce sai kalmomi biyu masu haruffa 8 sun zo a jere da tazarar da ta dace. Irin wannan haɗi ya haura biliyan 4, wato ba a sa ran ya faɗo fiye da sau ɗaya bisa kuskure. Kamar wasiƙa ce da aka rubuta wa Malam Musa a Kano, ba za ta isa ba sai an ƙara unguwa da layi.

Shekaru 40 da suka biyo baya sun nuna hanyoyi uku da dogarai ke haɗa gwiwa. Ta farko ita ce riƙon hannu irin na lamda. A 1988 Steven McKnight da ɗalibansa suka bayyana wani irin haɗi mai kama da zif ɗin riga, da shi dogarai biyu ke sarƙewa su zama ɗaya. Dogari mai suna Fos ba ya iya kama DNA shi kaɗai, sai ya sarƙe da Jun.

Hanya ta biyu ta fi ba da mamaki. In bairos ya shiga jikin mutum, ƙwayar da ya shiga tana yin kururuwa da wani furotin mai suna intaferon. Dimitris Thanos da Tom Maniatis sun nuna a 1995 cewa zauren wannan babi, mai haruffa wajen 55, sai dogarai takwas sun hau shi lokaci guda, kowa a gurbinsa, kafin a yi kururuwar. Kowa ya zaci manne suke da juna. Da aka fito da cikakkiyar surarsu a 2007, sai aka ga da ƙyar suke taɓa juna. Zaren ne ke kai saƙo: in wannan ya zauna sai ya ɗan murɗa DNA ɗin yadda za ta dace da zaman na gefensa. A 2015 ɗakin binciken Jussi Taipale a Cibiyar Karolinska ta Suwidin ya gwada dogarai bibbiyu har haɗi 9,400, ya samu 315 da ke aiki tare, kuma a mafi yawansu DNA ce mai shiga tsakani. Suka kuma ga cewa kalmar da biyu ke ganewa tare ta kan bambanta da wadda kowanne ke ganewa shi kaɗai.

Hanya ta uku ta samo asali ne daga yadda ake ajiye zaren. Roger Kornberg ya bayyana a 1974 cewa DNA ɗin mutum a naɗe take a jikin wasu dunƙulen furotin, kamar zare a jikin ƙoshiya. Daga baya aka gano kowane dunƙule na riƙe da haruffa 147. Kalmar da ke cikin naɗi ba ta karantuwa. A tsakiyar shekarun 1990 Jerry Workman da Jonathan Widom, kowa a nasa ɗakin, suka nuna cewa dogarai biyu da ba su san juna ba suna iya taimakon juna, don kuwa in ɗaya ya ɗaga bakin zaren ya zauna, ya sauƙaƙa wa na biyu. Kamar mutum biyu ne ke tura motar da ta mutu, ko ba su gaisa ba ƙarfinsu ya haɗu. Akwai kuma 'yan share fage, irin FoxA na hanta da Kenneth Zaret ya bayyana a 2002, masu iya kutsawa cikin naɗin su buɗe wa na baya hanya.

Huɗu Daga Cikin Ashirin Da Huɗu

In har haɗuwar dogarai ce ke mayar da ƙwaya ta hanta ko ta tsoka, ke nan wanda ya san haɗin zai iya canza wa ƙwaya sana'a. A 1987 ɗakin binciken Harold Weintraub a Seattle ya cusa dogari guda mai suna MyoD cikin wasu ƙwayoyin ɓera, suka rikiɗe suka zama tsoka. An ɗauka an samu sarki mai cin gashin kansa, amma daga baya aka ga shi ma sai ya sarƙe da abokin zama, kuma ba kowace ƙwaya ke amsa kiransa ba.

Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Jafan, shi ma likitan ƙashi ne da ya bar tiyata ya koma bincike, ya so ya mayar da ƙwayar fata baya ta koma kamar ta farkon ciki, mai iya zama komai. Shi da Kazutoshi Takahashi suka zaɓi babuka 24 da suke zargi. Suka gwada su ɗai-ɗai, ko ɗaya bai yi ba. Suka zuba su duka, sai abin ya yi. Daga nan suka riƙa cire ɗaya suna barin 23, don su ga wanda in babu shi aiki ya tsaya, har suka tsaya a kan huɗu: Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc. A 2006 suka sanar da nasara a ɓera, a 2007 a ƙwayar mutum. Biyun farko ma kafaɗa da kafaɗa suke zama a kan DNA. A 2012 aka raba kyautar Nobel tsakanin Yamanaka da Gurdon, mai ƙwan kwaɗon nan, shekara 50 cif bayan gwajinsa.

Mu Dawo Kan Jaririnmu

Yanzu mai karatu na da abin da zai fahimci amsar tambayar Janet Watson. A 2007 ayarin Swee Lay Thein a Landan ya binciki mutanen da ke riƙe himogulobin na tayi da yawa har girmansu, sai sawu ya kai su wani babi mai suna BCL11A. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka tabbatar da cewa BCL11A dogari ne, kuma shi ne mai kulle babin himogulobin na tayi bayan haihuwa. A 2011 aka cire shi daga ƙwayoyin jinin ɓeraye masu sikila, suka warke.

To sai a kashe shi a jikin mutum mana? A nan gizo ke saƙa. Dogarin nan yana da wasu ayyuka a ƙwaƙwalwa da kuma ƙwayoyin garkuwar jiki, kashe shi gaba ɗaya kashe maciji ne da ƙona ɗaki. Haɗin gwiwar dogarai ne ya ba da mafita. A 2013 Daniel Bauer da Orkin suka gano cewa shi kansa babin BCL11A yana da wani zaure da ba a taro a cikinsa sai a ƙwayoyin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini. Masu zama a wannan zaure su ne GATA1 da abokinsa TAL1, waɗanda tun 1997 aka san suna zama kusa da juna, wasu furotin na yi masu gada. A 2015 aka bi zauren harafi bayan harafi da almakashin CRISPR, aka tarar cewa in aka ɓata kujerar GATA1 kaɗai, taron ya watse. Sai BCL11A ya yi ƙasa a cikin jini kawai, ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki kuma ba abin da ya taɓa su, don su da nasu zaurukan da nasu dogaran. Da mai kullewa ya yi rauni, babin tayi ya sake buɗewa.

A watan Yuli na 2019 aka yi wa mai sikila ta farko wannan aiki a birnin Nashville na Amurka. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a ɓata kujerar nan a ɗakin gwaji, sannan a mayar masa. A cikin mutum 31 da aka bi diddiginsu, 29 sun shafe aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a watan Nuwamba na 2023, ta Amurka ta bi sahu ranar 8 ga Disamba. Mai karatu ya lura, harafi ɗayan nan da ya kauce ya haifar da sikila ba a gyara shi ba, yana nan yadda yake. Hannu ɗaya kawai aka zare daga ƙarƙashin jinka.

Kammalawa

Kada murna ta sa mu manta da sauran labarin. An sa wa maganin farashin dala miliyan 2.2 a Amurka ranar da aka amince da shi. Kafin a mayar wa majinyaci ƙwayoyinsa sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a share ɓargonsa, abin da kan hana haihuwa, kuma ya kan kwana makonni a asibiti. Alhali ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila a duniya ita ce Nijeriya, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar kimanin 150,000 duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da rabin gadon. Abin da hannu ke iya kaiwa a nan shi ne gwajin jini kafin aure, da kuma ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ita ma ɗaga himogulobin na tayi take yi, kuma an gwada ta a Kano a kan yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki aka ga amfaninta.

Duk da haka, abin da aka gano ba zai sake ɓata ba. An san sunan mai kullewa, an san zauren da ake naɗa shi, an san waɗanda ke zama a ciki, kuma masana na neman ƙwayar haɗiya da za ta yi wannan aiki ba sai an taɓa ɓargo ba. Monod ya rasu a 1976, Jacob ya bi shi a 2013, shekarar da aka gano zauren. Ba sikila suke nema ba, so suke su san abin da ya sa bakteriya ke dakatawa tsakanin sukari biyu. Ita kuwa uwar da ta ce ɗanta lafiya lau yake har wata shida, daidai ta gani, a watannin nan ne dogarai ke taruwa suna rufe babin da ke kare shi.